Makaɗan ganga na nu-metal: su wa suka kafa salon, kuma me canza su ke jawowa?

Waɗanda suka kalli wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai ranar 31 ga Mayun 2025, wanda PSG ta lallasa Inter da ci 5 da nema a birnin Munich na Jamus, sun ga wata ƙungiyar mawaƙan Amurka ta cashe a fili kafin a take leda. Linkin Park ke nan. Wanda ya san su tun farkon shekarun 2000 zai lura da sauyi biyu. Muryar da ke gaba ta mace ce, Emily Armstrong, a gurbin Chester Bennington da ya rasu a 2017. Wanda ke zaune a bayan ganguna kuma Colin Brittain ne, maimakon Rob Bourdon da aka kafa ƙungiyar da shi. Sauyin farko ya jawo ka-ce-na-ce a duniya. Na biyun kuwa, sai masu kunnen kiɗa ne suka tsaya a kansa.

Kafin wannan, an yi wani musayar kujeru da ya rikita masoya. A Nuwamban 2023 ƙungiyar Slipknot ta sallami mai gangarta Jay Weinberg bayan kusan shekara 10. A farkon 2024 Eloy Casagrande ya bar Sepultura ta ƙasar Brazil ana dab da fara rangadinta na ban kwana, ya hau kujerar Weinberg. Sepultura ta ɗauko Greyson Nekrutman daga Suicidal Tendencies, ita kuma Suicidal Tendencies ta ɗauki Weinberg. Mutum uku, kujera uku, kowa ya zauna a ta wani. Masoya sun rabu: wasu na cewa ganga ganga ce, duk wanda ya iya zai buga, wasu na cewa an cire wa ƙungiya ƙashin baya. Kafin a gane wa ya fi gaskiya, sai an san matsayin mai ganga a wannan salo tun asalinsa.

Ma'anar kalmomin

Kiɗan metal reshe ne na kiɗan rok, mai jita ta lantarki da ƙara mai tsanani. Nu-metal, wato sabon metal, suna ne da 'yan jarida suka laƙaba wa wani salo da ya ɓullo a Amurka, musamman jihar Kalifoniya, a tsakiyar shekarun 1990. Ya haɗa nauyin metal da bugun hip-hop da na fank. Masu jita sun sassauta wayoyinsu don sauti ya yi ƙasa ya yi kauri, wasu suka koma jita mai waya 7 maimakon 6. An rage doguwar bajintar mai jita shi kaɗai da aka saba da ita a tsohon metal. Da aka rage wannan, sai nauyin waƙa ya koma kan bugu, bugu kuwa a hannun mai ganga yake.

Shi mai gangar nan mutum ɗaya ne a tsakiyar saitin ganguna, gaɓoɓinsa huɗu duk suna aiki. A ƙasa akwai babbar ganga da ake bugawa da ƙafa ta hanyar feda, ita ke ba da amon da ake ji a ƙirji. Tsakanin cinyoyinsa akwai ƙaramar ganga mai wayoyin ƙarfe a ƙarƙashinta, wadda Turawa ke kira siniya, ita ke ba da tas ɗin da ake tafi a kansa. Sai matsakaitan ganguna a jere, da fayafayan tagulla masu tsatstsauran sauti, ciki har da wasu biyu da ake haɗawa da buɗewa da ƙafar hagu. Wasu makaɗan suna amfani da feda biyu ko babbar ganga biyu, ƙafafu su riƙa gudu kamar ana ɓarin tsakuwa a kan kwano. Wannan shi ne tambarin tsohon metal mai sauri, irin na Dave Lombardo na ƙungiyar Slayer.

Inda bugun ya samo asali

A shekarun 1980, abin taƙama a metal shi ne sauri. A daidai lokacin kuma, masu haɗa kiɗan hip-hop suna yanko gajerun bugu daga tsofaffin fayafayan fank suna maimaita su, musamman bugun Clyde Stubblefield, mai gangar mawaƙi James Brown. Wannan bugu bai da gaggawa. Siniya na faɗuwa a wurinta, babbar ganga na zuwa inda kunne bai zata ba, a tsakaninsu kuma akwai ƙananan bugu kamar raɗa, da gurbin shiru da ke sa jiki ya rausaya da kansa. Yaran da suka tashi a Kalifoniya a lokacin suna jin duka biyun, metal a ɗakinsu, hip-hop a titi.

Wasu sun riga su share fage. Mike Bordin na Faith No More yana buga ganguna da nauyi kamar mai daka. John Stanier na Helmet ya ɗaure siniyarsa tamau har tana ƙara kamar an fasa busasshen itace, yana tsayawa cak tare da jita sannan su ci gaba tare. Brad Wilk na Rage Against the Machine ya nuna cewa mutum zai iya buga abin da na'ura ke yi wa mawaƙin rap, da hannu, kuma ya fi rai. Daga Brazil kuma, bayan salon ya fara tasowa, Igor Cavalera na Sepultura ya shigo da kiɗan gargajiyar ƙasarsa a kundin Roots na 1996, inda suka je har wurin ƙabilar Xavante suka ɗauki sauti tare da su. Furodusan wannan kundi, Ross Robinson, shi ne ya yi kundin farko na Korn, da na Limp Bizkit, da na Slipknot. An san shi da son ɗaukar sauti da ɗanyensa, da matsa wa makaɗa lamba har sai sun buga da dukan ƙarfinsu. Kunnen mutum ɗaya ya ratsa manyan kundayen da suka kafa salon, shi ya sa gangunansu suke da kama ta jini ko da hannuwan sun bambanta.

David Silveria: wanda ya zana taswirar

Korn ta fito daga garin Bakersfield, kundinta na farko ya fita a Oktoban 1994, kuma yawancin masu nazari daga nan suke fara ƙidayar nu-metal. Mai gangarta David Silveria ya zo da abin da tsofaffin masoya metal suka ɗauka ragwanci ne da farko. Ba ya cika kowane gurbi. Yana barin waƙa ta numfasa, ya jinkirta, sannan ya sauke bugu a inda ya fi ciwo.

Abin da ya sa aikinsa ya yi tasiri yana cikin yadda sautukan Korn suka raba wuri. Jita biyu masu waya 7 sun cika ƙasa da kauri. Mai jitar bes, wato jita mai kaurin amo, Fieldy, yana marin wayoyinsa suna ƙas-ƙas, har ya zama tamkar mai ganga na biyu. Da Silveria ya zo da siniya mai kaurin sauti, da ta nutse a cikin wannan laka. Sai ya ɗaure ta sosai, sautinta ya yi sama ya tsaga komai. Wanda ya san yadda kalangu ke fita fes a saman manyan ganguna zai gane dabarar nan take. Ya kuma riƙa sassaƙa bugunsa ya dace da na Fieldy, su biyun suna amsa wa juna, jita na bin bayansu. A tsohon metal jita ce ke ja, ganga na bi. A nan an juya lamarin.

Sakamakon shi ne abin da aka riƙa gani a filayen wasa: dubban mutane suna tsalle sama da ƙasa a tare, a maimakon kaɗa kai da gudu. Saurin waƙoƙin daidai yake da tsallen mutum. Lokacin da kundin Korn mai suna Follow the Leader ya hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1998, ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi sun riga sun ɗaure siniyoyinsu irin nasa. A shekarar 2000 ciwon wuyan hannu ya kwantar da shi na wani lokaci, wanda ya riƙe masa kujera kuwa shi ne Mike Bordin, ɗaya daga cikin waɗanda salon ya tsotsa a wurinsu. Silveria ya bar Korn a 2006. Ray Luzier, wanda ya gaje shi daga 2007, makaɗi ne mai zurfin ilimi da saurin hannu, kuma har yau masoya na gardama: wasu na cewa ya ƙara wa ƙungiyar ƙarfi a dandamali, wasu na cewa rausayar farko ta tafi da mai ita.

John Otto da Abe Cunningham

John Otto na Limp Bizkit, ɗan Jacksonville a jihar Florida, ya koyi kiɗan jaz a makarantar fasaha ta Douglas Anderson. Ana jin wannan a hannunsa na hagu, inda yake zuba ƙananan bugun raɗa tsakanin manyan. Shi ne ya fi kowa kusantar da saitin ganguna ga bugun hip-hop na ainihi, ta yadda mawaƙi zai hau kai ya yi rap ba tare da tuntuɓe ba, kuma DJ Lethal, mai juya fayafayan ƙungiyar, ya sami wurin saka nasa. Ƙungiyar ta sha suka saboda halayyar jagoranta da kuma rikicin bikin kiɗa na Woodstock na 1999, wannan suka ta rufe ƙwarewar makaɗanta. Amma kundinsu na shekarar 2000 ya sayar da kwafi sama da miliyan 1 a makon farko a Amurka, kuma duk wanda ya kalli kokawar WWF (WWE ta yanzu) a wancan zamani ya ji hannun Otto, domin da waƙarsu Undertaker yake shigowa a kan babur.

Abe Cunningham na Deftones, daga Sacramento, wani iri ne daban. Idan aka tambayi makaɗa 'yan'uwansa, sau da yawa sunansa ke fara fitowa. Yana buga kamar mai ɗan jan ƙafa, yana sauke siniya a ƙarshen lokacinta, abin da ke ba waƙa nauyi ba tare da ƙarin ƙara ba. Kundin Around the Fur na 1997 da bugu biyu kacal na ganga ya buɗe, kuma masoya na gane shi daga waɗannan biyun. A kundin White Pony na 2000, wanda ya kawo musu kyautar Grammy, ya nuna cewa mai gangar metal zai iya yin sanyi, ya yi ƙasa-ƙasa, ya bar sauti ya yi yawo a ɗaki kafin ya fashe. Deftones sun daɗe suna nesanta kansu da sunan nu-metal, wannan ne ma ya sa wasu ba sa sa Cunningham a jerin. Amma tarihi ya haɗa su: lokaci ɗaya, jiha ɗaya, masu sauraro ɗaya.

Joey Jordison: wanda ya dawo da gudu

Daga Des Moines ta jihar Iowa, nesa da Kalifoniya, Slipknot ta fito da mutum 9 sanye da abin rufe fuska, kowa da lambarsa. Joey Jordison shi ne lamba 1. Kundinsu na farko ya fita a 1999, na biyu mai suna Iowa a 2001. Jordison ya tashi ne da sauraron metal mafi tsanani, ya kuma shigo da kayan wancan gida: ƙafafu biyu masu gudu, da wani bugu da hannu da ƙafa ke zuba kamar ruwan ƙanƙara. Irin wannan a da sai a ƙananan kulob na 'yan tsiraru ake jin sa. Shi ya kai shi gidajen rediyo da talabijin.

Abin lura shi ne bai watsar da rausayar ba. Yakan yi gudu na ɗan lokaci, ya taka birki, ya faɗa cikin bugu mai nauyi irin na Korn, jama'a su yi tsalle, ya sake tashi. Kusa da shi kuma akwai makaɗa biyu, Shawn Crahan da Chris Fehn, suna dukan manyan ganguna da tulunan ƙarfe na giya, wani lokaci da kulkin wasan besbol. Mutum uku suna bugu a waƙa ɗaya, shi ne mai riƙe da linzami. A rangadin Iowa an ɗaure shi a kujera, dandamalin gangunansa ya tashi sama, ya karkata a tsaye yana juyawa, shi kuwa bai fasa bugu ba. Bidiyon wasansu na Landan a 2002 ya yaɗa wannan hoto a duniya, yara da yawa kuma daga nan suka fara neman sandunan kiɗa.

A 2004, da rashin lafiya ya hana Lars Ulrich, mai gangar Metallica, hawa dandamali a bikin kiɗa na Download a Ingila, Jordison da Dave Lombardo ne suka rufa asiri. A 2007 ya yi rangadi da Korn. A 2010 masu karanta mujallar Rhythm suka zaɓe shi gwarzon mai ganga na shekaru 25 da suka gabata. A Disamban 2013 Slipknot ta sanar da rabuwa da shi, shi kuma ya fito ya ce bai ajiye aiki ba, sallamarsa aka yi. Sai a 2016 ya bayyana cewa yana fama da wata cutar kumburin lakar ƙashin baya da ta kashe masa ƙafafu na wani lokaci, ƙafafun da su ne jarinsa. Ya rasu ranar 26 ga Yulin 2021 yana da shekara 46.

Sauran hannuwa

John Dolmayan na System of a Down, Ba'armeniye haifaffen Beirut, ya shiga ƙungiyar a 1997. Waƙoƙinsu na sauya fuska cikin ƙiftawar ido, daga gudu zuwa taushi, daga ƙidaya uku-uku zuwa huɗu-huɗu, kuma shi ne ke ɗinke waɗannan gaɓoɓi har su zama riga ɗaya, kamar yadda ake ji a kundin Toxicity na 2001. Rob Bourdon kuwa aikinsa kamewa ne. Waƙoƙin Linkin Park cike suke da sautukan kwamfuta, dole mai ganga ya zauna daram a kan lokaci, ba gaba ba baya. Ba a cika yaba masa ba, amma kundinsu Hybrid Theory shi ne kundin da ya fi kowane sayuwa a Amurka a 2001, kuma tsarin haɗa ganga da kwamfuta da suka bi shi ne ƙungiyoyi da yawa ke bi a yau. Akwai kuma Matt McDonough na Mudvayne mai lissafi mai sarƙaƙiya, da Morgan Rose na Sevendust, da José Pasillas na Incubus.

Gardamar wa ya fi tasiri

Ɓangare na farko na auna tasiri da asali. A wurinsu Silveria ne, domin shi ya kafa harshen da sauran suka yi magana da shi. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a cire bugunsa, abin da ya rage metal ne kawai mai sassautacciyar jita. Rauninta shi ne sunansa bai zagaya kamar na wasu ba, kuma ya daɗe da barin babban fage.

Ɓangare na biyu na auna shi da yawan waɗanda suka ɗauki sanda saboda mutum. A nan babu mai ja da Jordison. Jay Weinberg kansa, ɗan Max Weinberg mai gangar mawaƙi Bruce Springsteen, tun yana yaro mahaifinsa ya kai shi kallon Slipknot, ya girma ya gaji kujerar. Masu suka na cewa abin da Jordison ya shahara da shi, wato gudu, aro ne daga wani reshen metal, don haka tasirinsa ya fi ƙarfi a wajen nu-metal fiye da cikinsa.

Ɓangare na uku na duba abin da ya jure wa zamani. Kasuwar nu-metal ta faɗi wajen 2003, ƙungiyoyi da yawa suka watse. Da salon ya farfaɗo a shekarun 2020 ta hanyar TikTok da bukukuwa irin Sick New World da aka fara a Las Vegas a Mayun 2023, Deftones na cikin waɗanda matasa suka fi runguma, kuma har yanzu Cunningham ne a kujerar.

Idan aka auna hujjojin, kowane ɓangare amsar tambaya daban yake bayarwa. Amma idan tambayar ita ce wa ya sa nu-metal ya zama nu-metal, hujjar Silveria ta fi nauyi, domin shi ma Jordison, duk gudunsa, inda jama'a ke tashi sama a waƙoƙinsa shi ne inda ya sauko kan wancan bugu.

Abin da sauye-sauyen ke nufi ga jama'a

Ga mai sauraro da mai sayen tikiti, sauyin mai ganga yana da tasirin da kunne ke ji ko da baki bai iya faɗa ba. Rubutun waƙa ɗaya ne, amma wani na sauke siniya da wuri kaɗan, wani a makare kaɗan, wani na dukan tsakiyar fata, wani na haɗawa da bakin ƙarfe. Masu bibiyar Slipknot sun lura da nauyin hannun Casagrande tun wasanninsa na farko a 2024. A ƙungiya irin Linkin Park, inda kwamfuta ke riƙe da lokaci, bambancin ya fi ƙanƙanta, shi ya sa sauyin mai gangarsu bai tada ƙura sosai ba.

Ga masu koyo, zamani ya sauƙaƙa abu ɗaya ya tsananta wani. A YouTube ana samun bidiyon da aka ɗauka daga bayan mai ganga, ana ganin ƙafa da hannu, ana iya rage gudun hoton. Sai dai gajerun bidiyo sun fi son bajinta, don haka yaro ya fi saurin kwaikwayon ƙafafun Jordison fiye da haƙurin Cunningham, alhali na biyun ya fi wuyar samu. Darasin haɗa kiɗan gida da metal da Sepultura ta bayar ma bai mutu ba: ƙungiyar Bloodywood ta birnin Delhi a Indiya tana buga nu-metal da gangar gargajiyarsu ta dhol a gaba-gaba.

Ga su makaɗan, al'amarin na abinci ne da lafiya. A manyan ƙungiyoyi akwai bambanci tsakanin wanda ke da hannun jari a sunan ƙungiya da wanda aka ɗauka aiki, kuma wanda ya zo daga baya galibi a rukuni na biyu yake, ko da ya shekara 10. Kuɗin mallakar waƙa kuma ya fi tafiya ga wanda aka rubuta sunansa a matsayin marubucinta, bugun ganga shi kaɗai ba kasafai ake lissafa shi a haka ba. Ga kuma jiki: wuyan hannu, kafaɗa, baya, kunne, duk suna biyan kuɗin awa biyu na duka a kowane dare. Weinberg ya ce kiran waya aka yi masa da safe aka shaida masa an sallame shi, kwana biyu bayan wasansa na ƙarshe da ƙungiyar a ƙasar Mexico, bayan ya buga musu kundi 3.